Hoto Ma Hanyar Taimako Ne, In An Kiyaye Mutuncin Wanda Aka Ɗauka

 Yau za mu tattauna ne a kan wata sana'a wadda kowaccenmu ta san masu yin ta, amma ba kasafai muke lissafa ta cikin ayyukan taimakon jama'a ba, watau sana'ar ɗaukar hoto.

Galibinmu ba mu neman mai hoto sai ranar biki ko suna ko Sallah, ko kuwa in an ce yarinya ta kawo fasfo guda huɗu don takardar jarrabawa. A yi kwalliya, a tsaya, a ɗauka, a biya, shi ke nan. To, amma akwai waɗansu gwanayen wannan sana'a a ƙasashe dabam-dabam waɗanda suka rataya kyamararsu suka shiga inda babu kwalliya, babu kuma wani kuɗin kirki, suka yi aiki tare da ƙungiyoyin agaji, har hotunansu suka fitar da yara daga wahala, suka jawo abinci zuwa inda ake yunwa. Zan ba ku labarin kaɗan daga cikinsu. Ina kuma so ku riƙa lura da abu guda yayin da kuke karantawa. Kowane hoto mutum biyu ne suka haɗu aka yi shi, da wanda ya ɗauka da wanda aka ɗauka, kuma sau da yawa haƙƙin na biyun ne ake mantawa da shi. Wata rana kuwa ke ce, ko ɗanki, za ku tsaya a gaban kyamarar.

MALAMIN DA YA AJIYE ALLI

Bari mu fara da ƙasar Amurka, shekaru fiye da ɗari da suka wuce. A wancan zamani 'ya'yan talakawa da yawa a can ba su samun zuwa makaranta, sai aikin ƙarfi. Ƙidayar jama'a ta 1900 ta nuna cewa yara kimanin 1,750,000 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin neman kuɗi, waɗansu a gonaki, waɗansu a masaƙu, waɗansu a ramukan haƙar kwal. Masu ma'aikatu sun fi son yara domin ladansu kaɗan ne, kuma ba su iya musu da babba. A 1904 waɗansu mutane masu tausayi suka kafa wani kwamiti na yaƙi da wannan al'ada. Suka yi ta rubuce-rubuce da laccoci, masu ma'aikatu kuwa suna musun zancen, suna ɓoye ƙananan yaran in sun ji baƙi za su zo. Da 'yan kwamitin suka ga magana kaɗai ba ta isa ba, sai suka nemi mai hoto, domin gani ya kori ji.

Wanda suka samu shi ne Lewis Hine, malamin makaranta a birnin Niyok, wanda ya koyi ɗaukar hoto tun yana koyarwa. A 1908 ya ajiye alli ya kama wannan aiki gadan-gadan. Kyamarar wancan lokaci ba irin ta yanzu ba ce. Akwati ne mai nauyi da ake kafawa a kan ƙafafu uku, in wuri ya yi duhu kuma sai an kunna wata hoda mai walƙiya kafin hoto ya fito. Da wannan kaya ya yi ta zaga jihohin ƙasar har shekara da shekaru.

Masu gadin ma'aikatu ba su barinsa ya shiga in sun san abin da ya kawo shi. Saboda haka wani lokaci yakan ce shi mai duba kayan kashe gobara ne, wani lokaci ya ce injuna ya zo ɗauka, sa'an nan ya roƙi a tsayar da yaro kusa da injin wai don a ga girmansa. Ya auna tsawon kowane maɓalli na kwat ɗinsa daga ƙasa, don haka in yaro ya tsaya kusa da shi ya san tsawon yaron ba tare da ya fito da abin awo ba. Hannunsa na cikin aljihu yana rubuta suna da shekaru a ɓoye. In an hana shi shiga kuwa, sai ya jira a bakin ƙofa da asuba ko da almuru, ya ɗauki yaran suna shiga ko suna fita.

Cikin hotunansa akwai na wata yarinya a masaƙar auduga a 1908, tsawonta inci 48, tana tsaye gaban injin kaɗi wanda ya yi mata tsawo nesa ba kusa ba. Akwai na yara maza a jihar Fensilbaniya a 1911, fuskokinsu baƙi ƙirin, aikinsu tsince duwatsu daga cikin kwal tun safe har yamma. Kwamitin ya buga waɗannan hotuna a jaridu da ƙasidu, ya kuma nuna su a majigi a tarurruka.

Abin bai gyaru dare ɗaya ba. An yi doka a 1916, Kotun Ƙoli ta soke ta a 1918. Sai a 1938 aka samu dokar da ta zauna, wadda ta hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara 16 ba a ma'aikatu, ta kuma hana wanda bai kai 18 ba yin aiki mai haɗari. Shi kuwa Hine ya mutu a 1940 cikin talauci, har gidansa ya rasa. Hotunansa fiye da 5,000 suna ajiye a babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, kuma saboda ya rubuta sunayen yara da yawa, daga baya an bi sawu har aka gano 'ya'ya da jikokin waɗansunsu aka nuna musu hoton kakanninsu. Mu malaman makaranta da muka san yadda benci kan zama babu kowa ranar kasuwa saboda talla, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

UWAR DA BA A TAMBAYI SUNANTA BA

Labari na biyu shi ma a Amurka ya faru, amma mace ce ta ɗauki hoton, mace kuma aka ɗauka. Dorothea Lange ta kamu da shan inna tana shekara 7, ta tashi tana ɗingishi da ƙafar dama. Duk da haka ta koyi sana'a, ta buɗe shagon hoto a birnin San Faransisko inda masu hali suke zuwa. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye daga 1929, mutane suka rasa aiki suna bin layin abincin sadaka, sai ta fito da kyamararta kan titi. Daga 1935 wata hukumar gwamnati mai taimakon manoman da suka rasa gonakinsu ta ɗauke ta aiki.

A watan Maris na 1936 ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙwadago a Nipomo, jihar Kaliforniya. Mutanen sun zo ne don aikin roron wake, sai sanyi ya ƙone amfanin gonar, suka zauna babu aiki babu abinci. A nan ta ga wata mata 'yar shekara 32, uwar 'ya'ya 7, zaune a bakin wata 'yar rumfa, motarsu ta lalace a hanya. Cikin 'yan mintoci ta ɗauki hotuna kaɗan ta wuce. A cikin wanda ya fi shahara, matar ta tallafe haɓa tana duban nesa, jariri a cinya, yara biyu sun jingina da kafaɗunta sun juya baya. Duk uwar da ta taɓa kwana tana tunanin abin da za ta ɗora a murhu gobe za ta gane wannan kallo.

Jarida ta buga labarin sansanin da hotuna, nan da nan gwamnati ta aika da abinci mai nauyin kilo kimanin 9,000. Mutane da yawa sun ci. Amma kafin abincin ya iso, matar da 'ya'yanta sun riga sun yi gaba. Hoton ya zaga duniya, ya shiga littattafai, ita kuwa babu wanda ya san ko wace ce, domin mai hoton ba ta tambayi sunanta ba. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta, sunanta Florence Owens Thompson. Ta nuna ɓacin ranta cewa shekara 40 ana yawo da fuskarta a matsayin alamar talauci, ko kwabo bai shigo hannunta ba. Ita ma Dorothea ba ta ci ribar sayar da shi ba, don hoton mallakar gwamnati ne. Da ciwo ya kwantar da Florence a 1983, 'ya'yanta suka nemi taimakon jama'a, aka aiko da wasiƙu masu yawa da gudummawar dubban daloli, ta rasu a shekarar.

Kun ga bambancin labarin nan biyu. Niyyar Dorothea mai kyau ce, aikinta kuma ya amfani jama'a. Amma tambaya guda da ba ta yi ba, watau “Baiwar Allah, yaya sunanki?”, ta bar wa matar nan ƙunci a zuciya har tsufanta.

YUNWAR HABASHA

Yanzu mu dawo nahiyarmu ta Afirka. Mohamed Amin ɗan ƙasar Kenya ne, an haife shi a Nairobi a 1943, gwani ne na hoton jarida da na talabijin. A watan Oktoba na 1984 ya isa garin Korem a arewacin Habasha tare da wakilin BBC Michael Buerk, inda dubban mutane suka taru suna jiran abinci, ana mutuwa kullum. Fari ne ya haɗu da yaƙin basasa ya jawo wannan masifa. Ranar 23 ga Oktoba BBC ta nuna abin da ya ɗauko, daga nan gidajen talabijin fiye da 400 a duniya suka maimaita.

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa ba. Ƙungiyoyin agaji suka ga gudummawa tana kwararowa. Mawaƙan Ingila suka haɗu suka yi faifai don tara kuɗi, sa'an nan ranar 13 ga Yuli 1985 aka yi gagarumin wasan nan da aka kira Live Aid a Landan da Filadelfiya a rana ɗaya, aka tara fiye da dala miliyan 100. Shi Mohamed Amin bai daina aiki ba. A 1991 wani rumbun makamai ya fashe a Addis Ababa ya rasa hannunsa na hagu, aka sa masa na roba ya koma bakin aiki. Ya rasu a 1996 cikin jirgin saman Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros.

Babu shakka hotunansa sun ceci rayuka. Sai dai kuma bayan haka ƙungiyoyi da yawa suka gane cewa hoton yaro mai ƙasusuwa a waje, ƙudaje a ido, shi ya fi saurin buɗe aljihun Bature, sai aka yi ta maimaita irinsa shekara da shekaru. Har ya kai yara da yawa a Turai suka tashi ba su san komai game da Afirka ba sai yunwa da roƙo. Yaran da aka ɗauka tsirara kuwa, waɗanda Allah Ya raya, sun girma sun zama iyaye, hotunansu suna nan ba su goguwa.

Wannan ya sa su kansu masu aikin agaji suka fara bincikar kansu. A 2017 ƙungiyar Save the Children ta fitar da rahoton wani bincike da ta yi a ƙasashe huɗu, watau Ingila, Jodan, Bangaladash da Jamhuriyar Nijar, inda aka tambayi mutane kimanin 200, cikinsu har da waɗanda aka taɓa ɗaukar hotonsu don neman gudummawa. Da yawa sun ce sun yarda ne da fatan a taimaki 'ya'yansu da na wasu. Amma an gano cewa ba kowa ne ya fahimci inda hoton zai je ba, kuma sau da yawa ba a komowa a nuna musu abin da aka yi da shi. Sun nuna suna so a bar su su faɗi labarinsu da bakinsu. Da ma Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

MASU MAYAR WA MUTUM HOTONSA

Akwai kuma wata hanyar taimako wadda babu neman kuɗi a cikinta sam. A 2009 wani mai hoton mawaƙa a Amurka, Jeremy Cowart, ya yi kira ga abokan sana'arsa da su ware rana guda a watan Disamba, aka sa wa shirin suna Help-Portrait. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: a nemi mabukaci, a ɗauke shi hoto mai kyau, a wanke, a ba shi kyauta. Masu gyaran gashi da masu kwalliya suka shigo da tasu gudummawa. Aka je wurin marasa gida, da gidajen tsofaffi, da asibitoci, a ƙasashe da dama. Hoton na wanda aka ɗauka ne, ba a yi shi don mai hoto ya tallata kansa ba. Wata za ta ce, hoto ai ba ya maganin yunwa. Gaskiya ne. Amma ki tuna yadda kike ji in kin ga kanki kin fito tsaf a hoto, sa'an nan ki yi tunanin wadda rabonta da wani ya dube ta da daraja an daɗe.

A ƙasar Japan kuwa, ranar 11 ga Maris 2011 aka yi girgizar ƙasa, teku ta yi ambaliya ta share garuruwa, mutane fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Sojoji da masu aikin ceto da suke tone ɓaraguzai, in sun ga kundin hotunan iyali cikin taɓo sai su ware shi gefe guda. A garin Yamamoto kaɗai an tara hotuna kimanin 750,000. Masu sana'ar hoto da ɗalibai da sauran 'yan sa kai suka zauna suna wanke su ɗaya bayan ɗaya, suna sake ɗaukar kowanne da kyamara, suna jerawa don masu su su zo su duba. Ga wadda ruwa ya tafi da gidanta da mijinta, wannan 'yar takarda ita ce abin da ya rage mata na fuskarsa.

Mu ma mun san ambaliya, ba a manta da wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 ba. To, ga abin da aka koya daga aikin Japan. In hotuna sun jiƙe sun manne, kada ki ɓamɓare su da ƙarfi. Ki fara ɗaukar duk wanda ke gane da waya, domin wani yana iya gogewa wurin wanki. Sa'an nan ki jiƙa su cikin ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi kaɗan har su saki da kansu, ki shafe lakar a hankali da yatsa, kina farawa daga gefe. In kin ga launi yana bin yatsanki ki tsaya, kada ki taɓa wurin fuska. Ki shanya a inuwa, ban da rana.

KYAMARA A HANNUN MATA

Hanyar da ta fi kiyaye mutunci ita ce mutane su ɗauki hoton rayuwarsu da kansu. A 1992, a lardin Yunnan na ƙasar Sin, waɗansu mata biyu masu aikin kyautata lafiyar mata, Caroline Wang da Mary Ann Burris, suka raba wa matan ƙauye 62 kyamarori aka koya musu yadda ake amfani da su. Matan suka ɗauko abin da baƙo ba zai lura da shi ba, kamar jariri kwance a gona uwarsa tana noma, da ƙananan yara suna wasa babu babba a kusa. Aka baje hotunan a gaban hukumomi, matan suka yi bayani da kansu, kuma wannan ya taimaka aka fara shirya wuraren renon yara a yankin.

A gida Nijeriya muna da misalin Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, wadda ta karanta aikin jinya, ta kuma yi karatun kiwon lafiyar jama'a a Landan. Ta ga cewa duk lokacin da aka ambaci garinsu a jaridun duniya, sai hoton bom da gawa da kuka. A 2015 ta fara sa hotunanta a Instagram da sunan Bits of Borno. Ta ɗauki 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da masu kwalliyar Sallah, da 'yan gudun hijira, tana kuma rubuta abin da kowa ya faɗa mata a ƙarƙashin hotonsa. Ba ta ɓoye wahalar da ake ciki ba, amma ta nuna mutanen Borno a tsaye da ƙafafunsu, suna nema, suna aure, suna dariya. Manyan jaridun duniya sun ba da labarin aikinta. Da harshen mutanen take magana da su, ta san abin da yake abin kunya a wurinsu, kuma kasancewarta mace ya sa mata suna sakin jiki da ita.

GARE KU UWAYEN GIDA

Yau masu ɗaukar hoto suna zuwa asibitin awo, da wurin rigakafi, da sansanin 'yan gudun hijira, da wurin rabon abinci da azumi. Da yawansu aikin alheri suke yi, kuma ƙungiya tana bukatar hoto don ta nuna wa masu ba da kuɗi inda kuɗinsu ya tafi. Ba cewa nake ku kore su ba. Amma ga abubuwan da ya kamata kowace uwa ta riƙe.

Na farko, kina da ikon tambaya. Wane ne kai, wace ƙungiya ta aiko ka, ina za a kai hoton, jarida ko talabijin ko intanet? Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Na biyu, kina da ikon ki ce a'a. Ƙungiyar kirki ba ta hana magani ko abinci don an ƙi hoto. In aka ce sai kin tsaya an ɗauka kafin a ba ki, ki sanar da mai unguwa ko shugabar matanku.

Na uku, kada ki yarda a ɗauki ɗanki tsirara, ko a ce ki cire masa riga, ko ki sa masa tsumma don ya ƙara ban tausayi. Yau jariri ne, gobe saurayi ne ko budurwa, kuma abin da ya shiga intanet da wuya ya fita.

Na huɗu, in an kawo takarda a ce ki sa hannu ko ki dangwala, a karanta miki ita da Hausa tukuna, ki kuma shawarci maigida. In ciwon da ake magana a kansa irin wanda mutane ke tsangwama ne, kamar yoyon fitsari, ki nemi a ɓoye fuska da suna.

Na biyar, ki roƙi a kawo miki naki hoton, ko a nuna miki shi nan take. Haƙƙinki ne.

Sa'an nan mu duba kanmu. Yanzu kusan kowace jaka akwai waya mai kyamara a ciki. Ƙungiyoyinmu na mata sukan kai ziyara gidan marayu ko asibiti, sai ka ga an jera bayin Allah an ɗora musu ƙullin shinkafa a hannu ana ɗauka, kafin magariba duk gari ya gani. Malamai suna karantar da mu falalar sadakar ɓoye, da yadda gori yake ɓata ta. In lalle ana bukatar shaida, a ɗauki kayan, a ɗauki masu aikin, a bar fuskar mai karɓa sai in shi ya so. Kafin ki danna, ki tambayi kanki: da ƙanwata ce a wannan hali, zan so a nuna ta haka?

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ku kuma 'yan mata, kada ku ɗauka wannan sana'a ta maza ce kaɗai. A wurin kamu da wunin biki da walimar mata, iyalai da yawa sun fi son mace ta shigo cikin gida ta ɗauka. Sana'a ce da za ki iya yi da mutuncinki, ki kuma haɗa ta da aikin jinya ko koyarwa ko aikin jarida. Amma ki riƙe karatunki da kyau, domin kun ga duk waɗanda na ambata ba kyamara kaɗai suka riƙe ba. Hine da alƙalaminsa ya ci nasara, don hoton da babu suna, babu wuri, babu kwanan wata, kowa yana iya musunsa.

Ba sai kin sayi babbar kyamara za ki fara ba. In an ba ki aron waya, ki koyi abu uku. Haske ya kasance a bayanki yana faɗa wa fuskar wanda kike ɗauka, kuma hasken safe da na la'asar sun fi na tsakar rana. In yaro za ki ɗauka ki durƙusa daidai tsawonsa, kada ki ɗauke shi daga sama kamar abin tausayi. Kuma kada ki ɗauki kowa sai kin gaishe shi kin nemi izninsa.

Aikin taimako kuwa yana nan a ƙofar gida. In rufin ajinku ya yaye ko famfon unguwa ya lalace, hoto mai kyau tare da takardar koke da shugabar makaranta ko mai unguwa ya sa wa hannu ya fi dogon surutu. Akwai marayun da kuɗin fasfo kaɗai ke hana su cika takardar makaranta. Akwai tsofaffi a gidajenmu da ba su da hoto ko ɗaya. Ki nemi izninsu ki ɗauka, ki rubuta sunansu da shekarar, a wanke a ba su su riƙe, jikoki su gada.

A nan zan dakata. Wadda take da abin cewa a kan wannan batu, ko ta san wata mai hoto a garinsu da ke irin wannan aiki, ta rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu ikon rufa na wasu, amin. Sai mun sake saduwa.